SUNAN ALLAH, NA WANE NE?

Wata Lahadi a wani ƙauye na wajen Kabo, bayan an tashi daga sujada, muna zaune a inuwa tare da dattawan Ekklesiya, sai ga wani saurayi wanda ya dawo hutu daga makaranta. Ya durƙusa ya gaisa, sa'an nan ya dubi babban dattijo ya ce, "Baba, ina da tambaya, a gafarce ni. Na karanta a wani ɗan littafi cewa Allah sunan abin bautar Larabawa ne, ba namu ba ne. In haka ne, don me mu ke kiransa a cikin addu'a da waƙa?" Dattijo ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Ɗana, da wannan suna aka yi mini baftisma, da shi kuma muka binne kakanka. Amma tambayarka ba ta wasa ba ce, kada kowa ya yi maka dariya."

Ba a daɗe ba, a kasuwar Gwarzo wani maɗinki Musulmi, abokin arzikinmu ne tun tuni, ya ce mana cikin raha, "Malam, ku da ba ku salla, yaya kuka ari sunan Allah ba ku tambaye mu ba?" Muka yi dariya tare, amma muka koma gida da maganar a zuciya. Gama tambayar saurayin nan da ta maɗinkin nan guda ɗaya ce, ta shigo ta ƙofa biyu. Dukansu suna tsammani suna kamar gona ne, yana da mai shi ɗaya, wanda ya shiga kuwa ya ci iyaka. Bari mu dubi al'amarin a hankali, domin ya shafi addu'armu, ya shafi zamanmu da maƙwabta, ya kuma shafi bakinmu a kasuwa.

Asalin kalmar

Ibrananci, da Aramaik, da Larabci, harsuna ne 'yan ɗaki ɗaya. Kalmomi da yawa a cikinsu tushensu guda ne. Da Ibrananci a kan ce El, ko Elowa, ko Elohim. Elohim ita ce kalmar da ke cikin ayar fari ta Littafin Farawa. Da Aramaik, watau harshen da aka rubuta wani sashi na Daniyel da Ezra da shi, wanda kuma Ubangijinmu Yesu ya yi magana da shi a Galili, a kan ce Elah. Masu bi na Suriya da Iraki waɗanda su ke sujada da harshen Suriyanci suna cewa Alaha. Da Larabci ilah shi ne abin bauta kowane iri, yawancin masana kuwa sun ce Allah daga al-ilah ya fito, watau Abin Bauta ɗaya ɗin nan da ba shi da na biyu.

Kalmar ta riga Musulunci. Mahaifin Annabin Musulmi sunansa Abdullahi, ya kuwa rasu tun ɗansa bai fara wa'azi ba. A Zabad, kusa da Halab a ƙasar Suriya, an sami rubutu a bisa dutsen ƙofar wata majami'a, na shekara ta 512, da harsuna uku, sashin Larabci kuwa yana kiran al-ilah. Kiristocin Larabawa na Masar da Lubnan da Falasɗinu ba su da wata kalma sai wannan. Littafi Mai Tsarki na Larabci wanda aka gama fassara a Bairut a 1865 da ita ya fara.

Game da zancen da ke yawo cewa wai Allah gunkin wata ne, muna roƙon 'yan'uwa su bar shi. Alƙur'ani da kansa, a sura ta 41 aya ta 37, ya hana a yi wa rana ko wata sujada. Ka tambayi kowane almajiri a Kabo wa ya ke nufi in ya ce Allah, zai ce maka wanda ya halicci sama da ƙasa, wanda ya yi magana da Ibrahim da Musa. In mun ɗora wa maƙwabcinmu abin da bai faɗa ba, mun karya doka ta tara, wadda ta hana shaidar zur. Bishara ba ta bukatar ƙarya ta tallafe ta.

Mu tuna kuma manzanni ba su ƙaga sabuwar kalma ba sa'ad da suka fita cikin al'ummai. Sun rubuta Sabon Alkawari da Helenanci, suka ɗauki kalmar Tiyos, wadda arnan Helas su ke kiran gumakansu da ita, suka cika ta da gaskiya. Haka Bulus ya yi a Atina, cikin Ayyukan Manzanni 17. Kalmar da Turawan Ingila su ke kiran Allah da ita, kakanninsu sun kira gumaka da ita kafin bishara ta kai musu. Yarabawa masu bi suna cewa Olorun, Tibi suna cewa Aondo. Ba al'ummar da ta jira a kawo mata suna daga waje kafin ta yi addu'a.

Abin da kakanninmu suka riga suka sani

Da yawa daga cikinmu a Gwarzo da Kabo da Ƙaraye 'ya'yan Maguzawa ne. Kakanninmu ba su yi salla ba, amma sun san Allah da sunan nan. In ruwa ya sauka su kan ce Allah ya ba da, in mutum ya mutu su kan ce Allah ya karɓa. Wani Ba'amurke mai nazarin harsuna da al'adu, Joseph Greenberg, ya zauna tare da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya buga littafinsa a 1946. Ya rubuta abin da tsofaffinmu su ma suka gaya mana, cewa Maguzawa sun yarda Allah ne bisa kome, amma suna ganinsa nesa, ba su yi masa yanka. Yanka na iskoki ne, su Kure da Inna da sauransu, gama su ne a ke ganin suna kusa, su ke sa ciwo, su ke kuma ɗauke shi.

Saboda haka masu fassara ba su kawo mana kalmar ba, a bakinmu suka tarar da ita. Wani Bajamushe, Schön, wanda ya yi aiki a Ingila tare da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, ya buga Bisharar Matta da Hausa a 1857, Sabon Alkawari kuma a 1880. Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa suka ɗauki aikin, har Littafi Mai Tsarki duka ya fito da Hausa a 1932. Dukansu Allah suka rubuta. Abin da bishara ta kawo wa kakanninmu shi ne labari cewa wannan da su ke gani nesa ya matso kusa, ba sauran bukatar a bi ta wurin Kure.

A wata ƙasa an kai maganar nan gaban alƙali. A Malesiya, inda Kiristoci su ke karanta kalmar Allah cikin Bisharar Matta da harshen ƙasar tun 1629, kotu ta hana wata jaridar Katolika mai suna Herald amfani da ita a 2013. Daga baya, a 2021, wata kotu a wata shari'a dabam ta ce hanin da gwamnati ta yi a 1986 bai bi doka ba. Mu dai mu gode, gama a ƙasar Hausa Kirista da Musulmi suna ce wa juna "Allah ya ba mu alheri" da maraice, kowa ya amsa da amin.

Sunan da ba a faɗi

Elohim kalma ce ta kowa. Amma akwai wani suna na musamman a Tsohon Alkawari, mai baƙaƙe huɗu, YHWH, wanda ya fito wajen sau 6,800. A Fitowa 3 Musa yana kiwon garken surukinsa Yetro, Allah ya kira shi daga cikin kurmi mai cin wuta, ya aike shi wurin Fir'auna. Musa ya tambaya, in Isra'ilawa sun ce wane ne ya aiko shi, me zai ce? Amsar da aka ba shi an gina ta a kan kalmar Ibrananci mai ma'anar "kasance". Malamai sun ga abu biyu a ciki. Na ɗaya, shi ne mai kasancewa da kansa, ba wanda ya yi shi, ba ya kuwa dogara ga kowa. Na biyu, a aya ta 12 da kalmar nan ce ya yi wa Musa alkawari zai kasance tare da shi. Ashe sunan yana faɗin girmansa, yana kuma faɗin kusantarsa ga bayin da ke kuka a Masar.

Sunan tsoho ne ƙwarai. A 1868 aka sami wani dutse a Diban, a ƙasar Urdun, wanda Mesha sarkin Mowab ya sa aka rubuta wajen shekara 840 kafin haihuwar Almasihu. Maƙiyin Isra'ila ne, amma ya rubuta baƙaƙen nan huɗu. Dutsen yana gidan tarihi na Luba a birnin Faris.

Bayan komowa daga bauta a Babila, Yahudawa suka riƙa jin nauyin furta sunan, har ya zama a haikali kaɗai a ke faɗinsa, musamman babban firist a Ranar Kafara. Da Romawa suka rushe haikali a shekara ta 70, faɗinsa ya ƙare. Mai karatu in ya iso wurin baƙaƙen nan sai ya ce Adonai. Daga baya malaman Yahudawa da suka sa wa rubutun wasula suka ɗora wasulan Adonai a kan baƙaƙen nan don tunawa. Turawa da suka karanta duka biyu a haɗe suka sami "Yehoba". Masana sun fi yarda cewa Yahweh ne a ke faɗi tun asali.

Bature ya kan yi mamakin wannan, amma mu Hausawa mun gane shi nan da nan. Matar kirki a ƙauyukanmu ba ta kiran sunan mijinta, sai ta ce Maigida ko Malam. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Yaron da aka sa wa sunan kakansa, a kan saya masa da wani laƙabi. Ba don an manta sunan ba ne, ba kuwa don ƙiyayya ba. Kunya ce da girmamawa, sunan ya yi nauyi a baki. Haka Yahudawa masu ibada har a zance su kan ce Hashem kawai, watau "Sunan".

Adonai daga adon ya ke, watau mai gida, mai bawa. Waɗanda suka juya Tsohon Alkawari zuwa Helenanci, Kiriyos ce kalmar da ta tsaya a wurin sunan cikin littattafan da Ekklesiya ta gāda, ma'anarta ɗaya. Masu fassara Hausa suka sa Ubangiji, watau uban giji, giji kuwa gida ne, kamar yadda mu ke ji a cikin uwargijiya. Larabawa suna cewa Rabbu, shi ma ana faɗinsa ga mai gida. Harsuna huɗu suka nemi abin da za su kira Maɗaukaki, dukansu suka shiga cikin gida suka ɗauko sunan wanda ke ciyarwa, ke tufatarwa, ke kuma da iko.

Sauran sunaye na Ibrananci kowanne da ranar da aka san shi. Malkisadik ya sa wa Ibrahim albarka da sunan El Elyon, Allah Maɗaukaki. Ibrahim yana da shekara 99, Saratu ba ta haihu ba, aka bayyana masa El Shaddai, wanda aka fassara mana Mai Iko Duka. Wanda ya fi taɓa zuciyarmu shi ne na Farawa 16. Hajara, baiwa Bamasariya, ta gudu daga uwargijiyarta da ciki, tana zaune ita kaɗai a bakin maɓuɓɓuga a jeji. Can mala'ikan Ubangiji ya same ta, ya ce ta sa wa ɗanta Isma'ilu, ma'anarsa Allah yana ji. Ita kuwa ta kira Allah El Roi, Allah mai ganina. Baiwa ce, baƙuwa, ba firist ba, ba malama ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna girmama Hajara da ɗanta, ga kuwa labari da za mu iya buɗe zance da shi.

Sunayen nan suna cikin gidajenmu ba mu lura ba. Iliya, Yahweh ne Allahna. Yohanna, Yahweh ya yi alheri. Zakariya, Yahweh ya tuna. Daniyel, Allah ne alƙalina. Duk sa'ad da muka ce Haleluya, gaɓar ƙarshe guntun sunan nan ne mai tsarki. Sunan Yesu kansa daga Yeshuwa ya ke, Yahweh yana ceto.

Sunaye 99 na maƙwabtanmu

Mun saba ganin dattijo a zaure yana jan carbi. Alƙur'ani a wurare huɗu ya ce Allah yana da sunaye mafi kyau, Asma'ul Husna. Akwai hadisi cikin Buhari da Muslim, ta bakin Abu Huraira, mai cewa sunayen 99 ne, wanda ya kiyaye su kuwa zai shiga Aljanna. Jerin da yara su ke haddacewa a makarantun allo da na Islamiyya daga littafin Tirmizi aka ɗauko shi. Manyan malamansu, kamar Nawawi, sun ce hadisin bai nufi sunayen sun ƙare a 99 ba. Daga nan ne sunayen abokanmu suka fito, su Abdurrahman da Abdulƙadir da Abdulkarim, kowanne bawan wani suna, mu kuwa muka gajarta muka ce Audu.

In Kirista ya saurari jerin nan da kunnen gaskiya, zai ji 'yan'uwan kalmomin Ibrananci. Al-Malik da Melek, sarki. Al-Ƙuddus da Ƙadosh, mai tsarki. As-Salam da Shalom, salama. Al-Hayyu da Hai, rayayye. Al-Ahad da Ehad, ɗaya. Al-Aliyyu da Elyon, maɗaukaki.

Biyu da suka fi yawa a bakinsu su ne Ar-Rahman da Ar-Rahim, waɗanda ke cikin Bisimilla a farkon surori 113 daga cikin 114. Tushensu baƙaƙe uku ne, r, h, m, daga nan mu ma muka sami kalmar rahama. Da Larabci da Ibrananci duka tushen nan ne ya ba da sunan mahaifar mace. A Fitowa 34, bayan zunubin ɗan maraƙin zinariya, sa'ad da Ubangiji ya yi shelar sunansa a gaban Musa, halin da ya fara faɗi shi ne rahum, mai jinƙai, daga tushen nan. Watau tausayi irin na uwa ga abin da ta ɗauka a cikinta. Tun kafin Musulunci Yahudawa da Kiristocin Yaman suna kiran Allah Rahmanan. Sarki Abraha ya fara rubutunsa na madatsar ruwa ta Marib, wajen shekara ta 548, da sunan Rahmanan da Almasihunsa da Ruhu Mai Tsarki.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta littafi a kan sunayen nan. Koyarwarsa ita ce ƙirga su da baki bai isa ba, sai bawa ya sami rabonsa daga cikinsu a halinsa gwargwadon ƙarfin ɗan Adam, mai kiran Mai Rahama ya zama mai rahama. Wannan magana ta kama mu ma.

Inda hanya ta rabu

Kada wani ya ce mun mai da addinai biyu ɗaya. Mahalicci ɗaya ne, ba biyu ba, wanda duk ya ce "Mahaliccina" ba shi da wani da zai nuna sai shi. Amma mutum biyu suna iya kiran sunan sarki ɗaya, abin da su ke faɗi a kansa kuwa ya sha bamban, har ya zama dole ɗayansu ya yi kuskure. Sa'ad da Yesu ya yi zance da Basamariya a bakin rijiya, cikin Yohanna 4, bai ce mata abin bautarta wani ne dabam ba. Ya nuna mata saninsu bai cika ba, ya kuma bayyana mata kansa. Tsakaninmu da maƙwabta gardama ba ta kan kalmar ba ce, tana kan wane ne shi, da abin da ya yi domin ya cece mu.

Akwai suna ɗaya da ba ya cikin 99, shi ne Uba. Sura ta 112 ta ce Allah bai haifa ba, ba a kuma haife shi ba. In Musulmi ya ji mun ce Ɗan Allah, ya kan zaci muna nufin Allah ya yi aure. Wajibi ne mu gaya masa a sarari cewa mu ma mun ƙi wannan, saɓo ne a gare mu kamar yadda ya ke a gare shi. Abin da mu ke shaida shi ne Kalman Allah, wanda ke tare da shi tun fil azal, ya zama mutum, ya mutu a kan gicciye, ya tashi. Su ba su yarda da wannan ba. Ba za mu ɓoye shi don a so mu ba, ba kuwa za mu faɗe shi da zagi ba.

Annabi Ishaya ya riga ya kira Allah Uba a sura ta 63 da ta 64. Amma Yesu ne ya sa sunan a bakin kowane mai bi. A Jatsaimani ya ce Abba, kalmar da ɗa ke kiran mahaifinsa da ita a cikin gida, Bulus kuma ya gaya wa Romawa da Galatiyawa cewa Ruhu yana sa mu mu faɗe ta. Mu ma bayin Allah ne, Bulus ya kira kansa bawa. Amma dubi gandu. Ɗan ƙodago da ɗan gida suna noma kunya ɗaya, rana ɗaya ke dukansu. Da maraice ɗan ƙodago ya karɓi ladansa ya tafi, in ya yi ciwo gobe ba lada. Ɗan gida kuwa ko ya kwanta ciwo tuwonsa yana nan, rumbu nasa ne, gado nasa ne. Ɗan nan na Luka 15 da ya ɓatar da dukiya ya komo da niyyar roƙon a ɗauke shi ɗan ƙodago, ubansa bai bar shi ya kai ga wannan roƙo ba. Kalmar Ubangiji da mu ke faɗi kullum, uba yana a farkonta. Bishara ce ta buɗe mana ido muka gan shi.

Ɗaukar suna

Yanzu mu juyo kan kanmu, gama nan ne hatsarin ya ke. Mai garaya a wurin bori ya san kowane iska da kiɗansa da kirarinsa, in an buga daidai a kan ce dole ya sauko. Zuciyar ɗan Adam tana so ta yi wa Allah haka, ta riƙe sunansa kamar igiya a wuyan akuya. Wani ya ɗinke sunaye cikin laya. Wani ya yi ta neman Ismullahil A'azam, suna mafi girma, don biyan bukata. Mu kuma fa? Akwai mai sa Littafi a ƙarƙashin matashin kai bai taɓa buɗe shi ba. Akwai mai maimaita sunan Yesu da ihu kamar yawan faɗi ne ke ba shi ƙarfi. Akwai kuma mai koyar da cewa addu'a ba ta karɓuwa sai an faɗi sunan da Ibrananci. Duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

A 1979 aka tono waɗansu 'yan fallayen azurfa biyu a wani kabari a gefen Urushalima, an rubuta albarkar firistoci ta Littafin Ƙidaya 6 da sunan nan mai baƙaƙe huɗu, an naɗe su. Masana sun ce na wajen shekara 600 ne kafin haihuwar Almasihu, kamar layu a ke ratayawa. A zamanin nan ne Irmiya ya tsaya a ƙofar haikali ya gargaɗi mutane kada su dogara ga gidan da a ke kira da sunan Ubangiji alhali suna zaluntar marayu da gwauraye da baƙi. A shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu birnin ya faɗi. 'Ya'yan Siba bakwai a Afisa, cikin Ayyukan Manzanni 19, sun ari sunan Yesu don fitar da aljani, suka fita a guje tsirara da rauni.

Doka ta uku ta hana kama sunan Ubangiji a banza. Kalmar Ibrananci a wurin ita ce ta ɗaukar kaya. Mu masu ɗauke da sunan ne, kamar dogari da rigar sarki. In mai bi ya kai akuya kasuwar Getso ya rantse da Allah lafiyarta lau, alhali ya san ta kwana tana zawo, ya ɗauki sunan a banza. In mace ta auna dawa da mudun da aka bubbuge gindinsa, tana cewa wallahi ya cika, ta ɗauke shi a banza. In dattijo ya ci kuɗin baiko, ran Lahadi kuma ya tsaya ya bi da addu'a, ya ɗauke shi a banza. Yesu a Matta 5, da Yaƙub a sura ta 5, sun hana mu rantsuwa, domin maganar mai bi ta tsaya da ƙafarta. Ezekiyel 36 ya ce ta dalilin Isra'ila aka ƙazantar da sunan a cikin al'ummai. Maƙwabcinmu ba zai karanta Ibrananci ba. Ma'anar sunan da za ta kai gare shi ita ce wadda ya gani a mudunmu, da biyan bashinmu, da yadda mu ke riƙon matanmu.

Ga amsarmu ga ɗanmu na Kabo. Ka ci gaba da kiran Allah ba tare da shakka ba, gama kalmar ta kakanninka ce, 'yan'uwarta kuma suna cikin harshen da Musa da Yesu suka yi addu'a. Ka koyi Yahweh da El Roi da ma'anarsu, za su wadatar da addu'arka. Ga abokinmu maɗinki kuwa, mun koma rumfarsa muka ce, "Malam, ba mu ara ba, ku ma ba ku saya ba. Mai sunan ya riga mu duka." Ya ce wannan gaskiya ne. Muka tambaye shi wanne ya fi so cikin 99, ya ce Al-Wadud, Mai Ƙauna. Muka zauna a benci har la'asar muna gaya masa inda mu muka ga ƙaunar nan. Bai yarda da dukan abin da muka faɗa ba, amma ya ce mu komo.

'Yan'uwa, roƙo na fari a cikin addu'ar da Ubangiji ya koya mana a kan tsarkin sunan ya ke, ya riga roƙon abinci, ya riga roƙon gafara. Kowane mai karatu ya tambayi kansa a wannan wata, sau nawa na kira sunan nan yau, sau nawa kuma na tuna da Mai shi sa'ad da na kira? Allah ya tsare bakinmu, ya sa a girmama sunansa ta wurinmu a Gwarzo da Kabo da dukan ƙasar Hausa. Amin.